Akori-kurar Amurka marar murfin tanki: famfo yana ta yankewa, kuma wane fetur ne ya dace da ita?

Baban Sadiq, Kano:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san motocin Amurka. Na sauko da akori-kura Ford F-150 ta hanyar Kwatano, ƙirar 2016, mai injin V6 da turbo biyu. Inji lafiya, giya lafiya, a gidan mai kawai take ba ni wahala. Tankinta ba shi da murfin da muka saba murɗewa. Idan ka buɗe 'yar ƙofar sai ka tarar da wani marfi a ciki mai sifirin, bakin famfo ne ke tura shi.

Na farko, famfo ba ya zama. Lita biyu, uku, sai ka ji ƙat, ya yanke. Yaron gidan mai ya sake matsawa, ya sake yankewa. Tankin babba ne, mai cin lita 136, to ku ƙiyasta tsawon lokacin, ga layi a bayana, masu adaidaita sahu suna ta danna hon.

Na biyu, mai ya yanke mini a hanyar Haɗeja, na tsaya wajen 'yan bumburutu. Yaron ya kafa gorar da ya yanke, marfin ya ƙi buɗewa, mai ya bi jikin mota yana zuba ƙasa. Kafin in zagayo ya riga ya cusa sukundireba ya danne shi. Tun daga ranar allon motar ke rubuta "Check fuel fill inlet", daga baya fitilar inji ta kama.

Na uku, littafin motar ya ce a sa mata mai lamba 87, amma in za a ja kaya a sa 91. Wani abokina ya ce ai man Najeriya 91 ne, don haka mu kullum mai tsada muke sha. To in haka ne, me ya sa idan na loda buhunan shinkafa da tsakar rana nake jin ƙas-ƙas-ƙas a inji, ƙarfinta kuma ya ragu?

Oga Panteka, Kaduna:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Kawo ta gareji a cire wannan marfin baki ɗaya, a sa mata wuyan tanki mai murfi, a cire kanistan da ke ƙasa, wato gwangwanin da ke kama tururin mai, a toshe tiyonsa. Na yi wa da yawa haka. Waɗannan abubuwan don titin Amurka aka yi su, ba don ƙurar hunturu ba.

Ɗan Zazzau a Houston:
Oga, da girmamawa, a dakata da cire-cire tukuna. Alhaji, matsalolinka uku ne kuma kowacce da tushenta, kada a haɗa su a yi musu magani ɗaya.

Bari in fara da marfin. Ba lalacewa ya yi a hanyar Haɗeja ba, aikinsa ya yi. A gefensa akwai 'yan sakatu guda biyu, ba sa sakin marfin sai abin da aka cusa ya kai kaurin bakin famfon fetur, wajen milimita 21, ya taɓa su a lokaci guda. Bakin famfon gas ya fi haka kauri, kusan milimita 24, shi ya sa ba ya shiga, kuma da gangan aka yi haka don kada a ɗura wa motar fetur gas. Tiyo siriri ko bakin gora kuwa ba sa kai wa ga sakatun. Ford ta sa wa tsarin suna Easy Fuel, ta kuma sa shi a F-150 tun ƙirar 2009. Daga baya Chevrolet da Ram ma suka bi sahu a nasu akori-kurar.

Kowace mota irin wannan tana fitowa daga kamfani da wani ɗan farin mazurari na roba, wanda aka yi bakinsa daidai da kaurin famfo. Ɗaga kujerar baya, ka duba wajen da jak da sifana suke. Sau da yawa motocin da aka saya a gwanjon inshora sukan iso babu shi, amma ka duba.

Ita kuwa sukundireba tana iya karce robar da ke toshe marfin, ko ta lanƙwasa sakata. Motar tana gwada tankinta da kanta ta ga ko iska na fita. Da ta ga yana yoyon iska sai ta rubuta maka wancan saƙo.

Baban Sadiq, Kano:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Na ɗaga kujerar yanzun nan. Jak yana nan, mazurari babu.

Maman Iman, Denver:
Alhaji, a nan ana sayar da shi a duk shagon kayan mota, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Duk wanda zai zo gida zai iya sako maka biyu a jaka. Ka ajiye shi cikin leda mai zif bayan ka yi amfani da shi, don warin fetur yana kama kujera.

Kafin ya iso, akwai abin da littafin ya ce a yi idan saƙon ya fito. A kashe mota, a goge datti a bakin marfin da tsumma mai tsabta, sannan a cusa bakin famfo a zare, a cusa a zare, sau da yawa, don duk wani yashi da ya maƙale ya faɗi marfin ya zauna daidai. Saƙon ba ya gogewa nan take, sai an yi 'yan tafiye-tafiye. Ni nawa ƙanƙara da gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi ne suke taruwa a wajen, kuma hakan nake yi.

Manaja, gidan mai a Zariya:
Ina so in ce wani abu a madadin yaranmu, don kullum su ake zagi. Yaro ya saba da Hilux da Golf da babur, rana ɗaya aka kawo masa mota babu murfi, ba wanda ya taɓa nuna masa. Mai motar ma yana zaune a ciki gilas a rufe. Don Allah masu irin waɗannan motoci ku riƙa fitowa kuna tsayawa a kai.

Sannan ku sani bakin famfo ma yana tsufa. Wanda ya sha faɗuwa ƙasa bakinsa yakan lotse ko ya yi kaifi. Irin wannan in ya shiga marfi mai sifirin yakan maƙale wajen fitowa. Na ga yaro yana fizga da ƙarfi har motar tana girgiza. In ya maƙale, a ƙara tura shi ciki kaɗan, a daidaita shi, a zaro a hankali.

Ɗan Zazzau a Houston:
Manaja ya faɗi gaskiya. Yanzu maganar yankewar famfo, wadda ita ce ta fi muhimmanci a wajena, domin mutane da yawa suna ɗora wa marfin laifin da ba nasa ba.

A kusa da ƙarshen bakin famfo akwai wata 'yar ƙaramar huda. Muddin iska na shiga ta nan, famfo zai ci gaba da zuba. Da zarar mai ya taso ya rufe ta, sai ya yanke. Famfo bai san tanki ya cika ko bai cika ba, abin da ya sani kawai mai ya taɓa hudar. To me zai sa mai ya taso alhali tanki wayam? Iskar da ke cikin tankin ce ta rasa hanyar fita. Kamar ka kafa mazurari ƙam a bakin kwalba ka tuttula ruwa: zai tsaya a sama yana ɓulɓul, ba don kwalbar ta cika ba.

A tsofaffin motoci iskar tana fitowa ta wuyan tankin, shi ya sa kake shaƙar warin fetur in ana zubawa. Dokar Amurka ta hana haka. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara tilasta wa masu ƙera motoci su sa tururin ya bi ta wani gwangwani cike da gawayi, wato kanistan da Oga ya ambata. Gawayin ya kama tururin, iska mai tsabta ta fita ta wani bawul da tiyo a ƙarƙashin mota. In ana tafiya kuma inji ya zuƙe tururin ya ƙone shi. Idan ƙura ko laka ta toshe wannan tiyo, ko bawul ɗin ya maƙale a rufe, ko gawayin ya jiƙe da mai, to tanki ba ya numfashi, famfo kuma zai yi ta yankewa ko da murfi ko babu.

Gwajin ba shi da wuya. Bakanike ya cire tiyon da ya taso daga tanki zuwa kanista, a je gidan mai a gwada 'yan litoci. In ta sha ba gardama, an gano inda toshewar take. A mayar da tiyon bayan gwaji, kada a bar shi a buɗe.

Kafin nan ma, a gwada yadda ake riƙe famfon. A tura shi har gaɓar farko, a bar nauyinsa ya kwanta ƙasa, kada yaro ya ɗaga hannunsa sama, kuma a matsa a hankali. A nan doka ta ƙayyade gudun famfon fetur kada ya wuce galan 10 a minti ɗaya, wajen lita 38, kuma a kan wannan aka auna wuyan tankin.

Oga Panteka, Kaduna:
Injiniya, duk abin da ka faɗa haka yake, ban musa ba. Amma ka zo ka ga abin da muke fitarwa daga cikin kanistan nan. Wanda na buɗe kwanan baya, na motar wani mai gona a hanyar Birnin Gwari, jar ƙasa ce ta daskare a bakin bawul ɗin, sai da na sa waya na ƙwaƙule. Na busa tiyon da iska, gidan zanzaro ya faɗo. Ka wanke yau, bayan hunturu ɗaya ya koma. Sabo kuma sai an yi oda, a jira makonni, a biya da dala. Mutum yana da kaya a gona, zai ajiye mota yana jiran gwangwanin gawayi? Shi ya sa nake cewa a cire a huta.

Ɗan Zazzau a Houston:
Na fahimci uzurinka Oga, kuma kai ne a ƙasa, kai ke ganin abin da ido. Ga abin da ya sa ban yarda ba. In ka cire kanista ka toshe tiyo, tanki ya rasa numfashi gaba ɗaya, yankewar ma sai ta fi ta da. In ka bar tiyon a buɗe, tururin fetur yana fita a ƙarƙashin mota kusa da salansa, ƙura kuma tana shiga tanki kai-tsaye ta je ta kashe famfon mai na ciki, wanda ya fi kanistan tsada nesa ba kusa ba. Na uku, fitilar inji za ta zauna a kunne har abada. Ranar da wata matsala ta gaske ta taso, fulogi ya daina wuta ko sensa ta mutu, mai motar ba zai sani ba, domin ya riga ya saba da ganin fitilar.

Abin da masu gonaki da masu aikin rijiyoyin mai suke yi a nan Texas, inda su ma ƙura ba ta da sauƙi, shi ne su ƙara wa tiyon numfashin tsawo su ɗaga bakinsa sama, wajen da taya ba ta watsa masa ƙasa, su sa masa 'yar matata. Wannan aikin hannunka zai yi shi cikin awa guda.

Oga Panteka, Kaduna:
Wannan na ɗaga tiyo na karɓa, zan gwada. Amma maganar wuyan tanki mai murfi ina nan a kan bakana. In robar marfin ta riga ta yage, ba a sayar da ita ita kaɗai, sai dai a canza wuyan dukansa. To in za a canza, me zai hana a sa wanda kowane yaro a kowane ƙauye ya san yadda ake buɗe shi?

Alhaji Mai Shanu, Maraɗi:
Ina bayan Oga a nan. Mu da muke shiga daji, rabin man da muke sha daga jarka ne da kwalba. Mazurari ɗaya in ya ɓace a Dakoro, shi ke nan ka kwana.

Maman Iman, Denver:
Alhaji Mai Shanu, a sayi biyu, ɗaya a ƙarƙashin kujera ɗaya a aljihun ƙofa. Ni a ganina marfin yana da amfanin da ba a faɗa. Ba a mantawa da shi a kan rufin mota, hannu ba ya warin mai, kuma mai son zuƙe maka mai da tiyo zai sha wuya. Akwai kuma wani toshi mai makulli da ake sayarwa, ana cusa shi a bakin, yana hana ƙura da ruwan wanki shiga, yana hana mai mugun nufi zuba wani abu. Wannan zai ba ku murfin da kuke so ba tare da an yanke komai ba.

Tunda an ambaci jarka, don Allah kada a cika ta tana kan bayan akori-kura, musamman mai shimfiɗar roba. A sauke ta ƙasa tukuna. Gogayyar mai da roba tana tara lantarki, tartsatsi ɗaya ya isa. Lokacin hunturu da iska ta bushe abin ya fi haɗari.

Manaja, gidan mai a Zariya:
Hajiya, Allah ya biya ki. Wannan kullum sai mun yi faɗa da mutane a kansa.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da nake zargi a matsalar Alhaji. Famfo ya yanke don tanki ya cika, sai mai mota ya ce a ƙara, a cike kuɗin su zama daidai, har a riƙa jijjiga mota don ta ƙara ɗauka. Injiniya, wannan ba ya cikin abin da ke jiƙa gawayin?

Ɗan Zazzau a Houston:
Shi ne babban dalili ma, Manaja. An bar sarari a saman tanki da gangan don mai ya samu wajen kumbura in ya ɗau zafi. In aka cike wannan sarari, ruwan man yakan gangara ta tiyon tururi ya shiga kanista. Gawayin an yi shi don tururi ne, in ya sha ruwan mai yakan dagargaje, ɓarɓashinsa ya bi tiyo ya maƙale a bawul. In famfo ya yanke a kan cikakken tanki, a tsaya. A jira kamar daƙiƙa 10 kafin a zare, don abin da ya rage a bakin ya gangara ciki.

Alhaji, wata tambaya: bayan ka sha mai, motar tana tashi da bugu ɗaya, ko sai ta ja?

Baban Sadiq, Kano:
Injiniya kamar kana wajen. Kullum in na sha mai sai ta ja kafin ta tashi, ta yi ta kakkarwa na ɗan lokaci. Sauran lokuta bugu ɗaya ne.

Ɗan Zazzau a Houston:
To a duba bawul na biyu, wanda ke saman inji, mai barin tururi ya shiga inji. Shi ƙa'idarsa a rufe yake in mota a kashe take. In ya maƙale a buɗe, duk tururin da mai ya koro lokacin zubawa sai ya cika hanyar iskar inji, mai ya yi yawa, ta ƙi tashi. A cire shi a busa: in iska ta wuce, ya mutu. Na ƙasa kuwa akasin haka ne, a buɗe yake in babu wuta. A sa kwamfuta a karanto lambobin. P0455 ko P0457 yoyo ne babba, galibi daga marfin. P0456 ƙaramin yoyo. P0446 hanyar numfashi. Ka turo mana abin da ta nuna.

Baban Sadiq, Kano:
Jama'a ga rahoto. An sa kwamfuta, P0457 da P0446 suka fito. An sauke kanista, tiyon numfashin a toshe yake da busasshiyar laka. An wanke, an ɗaga bakinsa kamar yadda Injiniya ya ce. Bawul ɗin saman inji ya mutu, an samu na Belgium an sa. Na je gidan mai na tsaya a kai da kaina, ta sha lita 90 ba yankewa. Saƙon marfin dai yana nan, bakanike ya haska da tocila ya ce robar ta ɗan yage ta gefe ɗaya. Saura maganar lambar mai, wadda har yanzu ba a taɓa ba.

Direban Jidda:
Ranka ya daɗe, abokinka ya yi gaskiya rabi. A nan Saudiyya ma famfo biyu muka saba da su, 91 da 95, kuma duk wanda ya zo da motar Amurka sai ya rikice. Lambar da ke jikin famfon Amurka da wadda ke jikin namu ba ma'auni ɗaya ba ne.

Ɗan Zazzau a Houston:
Haka ne. Ana gwada fetur ta hanya biyu a ɗakin gwaji. Gwaji mai sauƙi shi ake kira RON, mai tsanani kuma, da zafi da gudu, MON. Najeriya da Saudiyya da Turai lambar RON suke faɗa. Amurka da Kanada kuwa suna haɗa biyun su raba biyu, shi ya sa za ka ga an rubuta (R+M)/2 a jikin famfo. Don haka lambarmu ta nan kullum tana ƙasa da taku da maki huɗu zuwa biyar. 87 na Amurka shi ne wajen 91 zuwa 92 a RON. 91 na Amurka shi ne wajen 95. 93 kuma wajen 98.

Ma'aunin fetur na Najeriya RON 91 ne mafi ƙaranci. Ke nan Alhaji, abin da kake sha shi ne daidai da mai arha na nan, mafi ƙarancin abin da littafinka ya yarda da shi. Ya halatta, amma ba shi ne wanda aka ce a sa in za a ja kaya a zafi ba.

Lambar, wadda ake kira okten, ba ƙarfin mai take aunawa ba, juriyarsa take aunawa: yadda zai daure matsi da zafi ba tare da ya kama da kansa ba kafin wutar fulogi ta iso gare shi. In wani ɓangare ya fashe da kansa, shi ne ƙas-ƙas ɗin da kake ji. Turbo yana cusa iska da yawa, matsi ya ƙaru. Ga rana ta Kano a watan Afrilu da ke haura digiri 40, ga lodi. Akwai sensa a jikin inji da ke sauraron wannan ƙara, da ta ji sai kwamfuta ta jinkirta wutar fulogi ta rage turbo. Raguwar ƙarfin da ka lura da ita, motar ce ke kare kanta. Amma in har kunnenka yana jin ƙarar a kai a kai, ta wuce abin da kwamfutar ke iya gyarawa, kada a yi wasa da ita.

Ɗan Zango, Kumasi:
A nan Gana wasu gidajen mai suna da 95 ban da na kullum. Masu irin motarka shi suke sha. Ni tawa V8 ce marar turbo, na gwada 95 na wani lokaci ban ga bambanci ba sai a aljihu.

Maman Iman, Denver:
Ba za ka gani ba Malam, in littafinka 87 ya ce. Ƙungiyar masu motoci ta AAA ta yi gwaji a 2016, ta ce Amurkawa sun kashe sama da dala biliyan 2 cikin shekara guda wajen sayen mai tsada ga motocin da ba sa buƙatarsa. Kowane inji da nasa. Hemi 5.7 na Ram 89 aka fi so, 87 ya halatta. 5.3 na Chevrolet 87 ne, 6.2 kuwa mai tsada aka ba da shawara.

Mu a Colorado matsalarmu ta juye. Mai arha a nan 85 ne, saboda Denver tana sama da teku da wajen mita 1,600, iska ba ta da nauyi, tsofaffin injuna ba sa matsa ta sosai. Amma turbo yana rama abin da tsayin ya rage, kuma littafin Ford ya ce kada a sa ƙasa da 87 ko a kan dutse. Don haka ni na tsakiya nake saya kullum, in za mu ja tirela mu hau tsaunuka in sa 91.

Oga Panteka, Kaduna:
To mu da famfo ɗaya gare mu fa? Ni abin da nake ba kwastomomi shi ne maganin ƙara okten na kwalba, ɗaya a cikakken tanki.

Ɗan Zazzau a Houston:
Oga, karanta bayan kwalbar da kyau. Yawancinsu in sun ce suna ƙara maki uku, nufinsu 0.3, wato 91 ya zama 91.3. Kuma an auna kwalbar ne da tankin ƙaramar mota, ba mai lita 136 ba. Masu ƙarfin cikinsu kuma galibi sinadarin manganis gare su, wanda ke barin jan ƙura a kan fulogi da sensar salansa, littafin motar ma ya hana. Ka taɓa ciro fulogi ka gan shi ja kamar bulo?

Oga Panteka, Kaduna:
Na sha gani. Na ɗauka daga man ne.

Ɗan Zazzau a Houston:
Ka tambayi mai motar abin da yake zubawa. Abin da zai taimaki Alhaji ba a kwalba yake ba. A wanke intakula, mai sanyaya iskar da turbo ke cusawa, da lagireto, domin in ƙura da ƙwari suka toshe su iskar da ke shiga inji tana zafi, zafi kuma shi ke kawo ƙarar. A sa fulogi na asali a kan gibin da littafi ya ce, injin turbo yana cin fulogi da wuri. In an yi lodi a danna maɓallin jan kaya da ke jikin giya, don ta riƙe ƙaramar giya, kada inji ya riƙa nishi a babbar giya ana danna masa totur. In da hali a yi tafiyar lodi da asuba ko bayan la'asar.

Manaja, gidan mai a Zariya:
Ku ƙara da inda ake sayen man. Lamba 91 a takarda take, abin da ya shiga tanki wani abu ne daban. Fetur da aka sirka da kananzir ko gas lambarsa faɗuwa take yi warwas, domin su waɗannan ba sa jure matsi ko kaɗan. Kowa ya tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da man da methanol ya yi wa yawa daga Antwerp ta Beljiyam, motoci suka yi ta mutuwa a Legas da Abuja. Wancan ta babbar hanya ma ya shigo, balle na gefen titi da ba wanda ya auna. Alhaji, ƙarar ta fara ne kafin man hanyar Haɗeja ko bayansa?

Baban Sadiq, Kano:
Tana yi kaɗan tun da, amma a wannan tafiyar ta fi tsanani. Da na sake cikawa a gari ta ragu.

Alhaji Mai Shanu, Maraɗi:
Shi ya sa ni har gobe Hilux mai gas. Wanda aikinsa daji ne da lodi, ya bar motar turbo mai fetur wa 'yan birni.

Ɗan Zango, Kumasi:
Alhaji, gas ɗin ma ana sirka shi, kuma injektocin sababbin Hilux ba sa yafiya.

Baban Sadiq, Kano:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Gobe za a wanke intakula a canza fulogi. Wuyan tankin ne ban yanke shawara ba. Injiniya, in na turo maka lambar shasi za ka iya duba mini kuɗin na asali da mazurari biyu? Oga, kai kuma nawa naka mai murfi zai tsaya, kuma fitilar za ta mutu in an sa shi?

Oga Panteka, Kaduna:
In murfin yana toshewa ƙam kuma ba a taɓa kanista ba, za ta mutu, don motar yoyo take nema, ba ta san ko murfi ne ko marfi ba. Sai dai dole ƙaramin tiyon da ke jikin wuyan ya dace da nata. Turo mini hoton wuyan daga ƙasa, ta bayan taya, in duba abin da ke kasuwa kafin in faɗa maka kuɗi.

Ɗan Zazzau a Houston:
Turo lambar ta akwatin sirri Alhaji. Ka faɗa mini kuma tsawon bodin bayan, domin wuyan ya bambanta tsakanin gajere da dogo. Akwai mai tahowa Kano ƙarshen wata, zan ba shi mazuraran ko da ka zaɓi na Oga.